Tsohuwar fassarar fu na Su Tung-p'o: yaya ake gane bugun 1935, kuma ya cancanci saye?

Almajirin Littafi:

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman haske a kan wani littafi da wani dillalin tsofaffin littattafai ya sa a kasuwa ta intanet. Sunansa The Prose-Poetry of Su Tung-p'o, rubuce-rubucen wani tsohon marubucin ƙasar Sin ne, fassarar Cyril Drummond Le Gros Clark zuwa Turanci. Dillalin ya ce bugun farko ne na Shanghai, na 1935, amma hotunan da ya ɗora na bangon gaba ne da wani shafi na tsakiya kawai. Shafin da ke ɗauke da suna da maɗaba'a babu shi a ciki. A bayaninsa ya ce akwai ɗigo-ɗigon ja-ja-ja a shafukan farko, bangon baya ya ɗan saki, kuma akwai hatimin wani ɗakin karatu.

Ta yaya zan tabbatar cewa na 1935 ɗin ne ba wanda aka sake bugawa daga baya ba? Shi kansa abin da ke ciki, waƙa ce ko zube, kuma fassarar tana da amfani har yanzu? Idan kuma na saya aka kawo shi Kano, yaya zan adana tsohuwar takarda irin wannan tsakanin hunturu da damina? Allah ya saka da alheri.

Mai Fihirisa:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biya ko kwabo sai ka ga shafin suna, gaba da bayansa. Dillalin da ya ce bugun farko ne kuma bai nuna wannan shafi ba, a tambaye shi. Idan ya yi ta kwana-kwana, a bar masa kayansa.

Littattafai uku ne ake yawan rikitawa a nan. Akwai wanda kamfanin Jonathan Cape ya buga a Landan a 1931, Selections from the Works of Su Tung-p'o, mai ɗauke da hotunan da matar mai fassarar, Averil, ta sassaƙa a katako. Wannan littafi ne daban, ko da yake hannu ɗaya ne ya fassara su. Akwai kuma naka, wanda Kelly & Walsh suka buga a Shanghai a 1935, mai muƙaloli na share fage da sharhi, da gabatarwar Qian Zhongshu, wanda za ka ga an rubuta sunansa Ch'ien Chung-shu. A lokacin bai wuce shekara 25 ba, kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman adabi na Sin a ƙarni na 20. Wannan gabatarwa tana cikin abin da ya sa masana ke neman littafin. Na uku shi ne wanda kamfanin Paragon ya sake bugawa a New York a 1964. Shi ne wanda ya fi yawan ruɗa masu saye, domin irin wannan maimaici hoton shafukan asali ake ɗauka a sake bugawa, saboda haka rubutun da jerin layukan duk iri ɗaya ne da na farko. Hoton shafin tsakiya da dillalin ya nuna maka ba hujja ba ce sam.

Ka nemi ya turo maka hoton shafin suna har ƙasansa, inda sunan maɗaba'a da gari suke, da bayan wannan shafi, da ganyen ƙarshe, da hatimin nan kusa-kusa. Sannan ka roƙe shi abu ɗaya da yawancin dillalai masu gaskiya ba sa ƙi: ya kashe fitilar ɗaki, ya kwantar da hasken tocila daga gefen shafi, ya ɗauki hoto. Ɗab'in wancan zamani da haruffan dalma ake yin sa, harafi yana danna takarda, sai ka ga ɗan lotsawa a inda tawada ta zauna, wani lokaci har ya ɗan turo ta bayan ganyen. Ɗab'in hoto kuwa lafe yake sumul, ba lotsawa ko kaɗan. Idan littafin ya zo hannunka, gilashin ƙara girma mai ninki goma zai nuna maka sauran: a ɗab'in dalma tawada kan ɗan taru a bakin harafi ta yi masa zobe, a na hoto kuwa haruffan kan yi ɗan kauri, ƙananan layuka su cushe. Wannan ya fi fitowa a haruffan Sinanci masu zane da yawa. Dama samun waɗannan haruffa a maɗaba'un Shanghai yana cikin dalilan da suka sa Turawa masu nazarin Sin suke kai littattafansu can.

Idan ka ga lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta zamani, ko layukan da injin kanti ke karantawa, magana ta ƙare: wannan tsari bai wanzu ba ko a 1964, don haka sabon bugu ne na waɗanda ake bugawa ɗaya-ɗaya idan an yi oda. Su ne masu farar takarda fat, marasa ɗinki, gam kawai ke riƙe da su. Amma kada ka tsorata idan ka ga sunan wani kamfanin Landan a kan littafin da aka buga a Shanghai, ko wata 'yar takarda da aka manna a kan sunan maɗaba'a. An saba yin haka ga kwafin da aka ware don sayarwa a Ingila.

Sai ƙirga shafuka. Buɗe bayanin littafin a WorldCat, wato kundin littattafan ɗakunan karatu na duniya da ke intanet, ko a kundin wani babban ɗakin karatu, ka ga adadin shafukan gaba masu lambar Rumawa, da na tsakiya masu lambar da muka saba, da duk wani hoto ko taswira da aka ambata. Ka sa dillalin ya tabbatar da kowanne. Ganyen da ya fi ɓacewa su ne na farko-farko da na ƙarshen fihirisa, da hoton da ke fuskantar shafin suna idan akwai. Ka nemi tsawon littafin kuma. Masu kundi kan cike tsawo zuwa santimita ta gaba, wato 22.3 sai su rubuta 23, don haka bambancin da bai kai santimita ɗaya ba ba komai ba ne. Idan ya wuce haka, ko ka ga rubutu ya matso bakin shafi, an yanke gefen lokacin da aka sake masa bango, kuma darajarsa ta ragu sosai.

Hatimin ɗakin karatu yana rage kuɗi, kuma ya kamata a rage maka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sami wani hatimin da ke nuna cewa ɗakin karatun da kansa ya cire littafin daga kayansa. In babu, kada ka saya, ƙila na sata ne.

Malamar Adabi:

Malam Mai Fihirisa ya gama da ɓangaren takarda. Ni ga abin da ke cikinta.

Fu, wato salon rubutun Sinanci da aka fassara a littafin, ba waƙa ba ce zalla, ba kuma zube ba ne zalla. Rubutu ne mai ƙafiya, amma ƙafiyar tana canzawa daga sashe zuwa sashe, layukan ba tsawonsu ɗaya ba, yawanci masu harafi huɗu ko shida, ana jera su biyu-biyu suna amsa wa juna, kuma sau da yawa ana buɗewa da zube a tsara shi kamar hira tsakanin mai gida da baƙo. Wanda ya karanta Maƙamar Hariri a zaure zai gane yanayin nan take, saja'a ce mai nuna gwanintar harshe. Kuma Hariri, wanda ya rayu daga 1054 zuwa 1122, zamaninsu ɗaya da Su Shi, wato Su Tung-p'o ɗin littafinka, wanda aka haifa a 1037 ya rasu a 1101.

Salon ya daɗe kafin shi. A daular Han, Sima Xiangru, wanda ya rasu a shekara ta 117 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi suna da dogayen fu masu jero sunayen duwatsu da itatuwa da namun dajin farautar sarki. A daular Tang aka mai da shi abin jarrabawar shiga aikin gwamnati, ana ba ɗalibi ƙafiyoyin da zai bi, galibi takwas, dole ya bi su. Malaman daular Song ne suka kwance masa wannan ɗauri suka matso da shi kusa da zube. Ouyang Xiu ya rubuta nasa a kan sautin kaka a 1059, Su Shi kuma, wanda ya ci babbar jarrabawa a 1057 a ƙarƙashin Ouyang Xiu ɗin, ya kai salon ƙololuwa.

Su Tung-p'o laƙabi ne. A 1079 aka kama Su Shi bisa zargin cewa waƙoƙinsa suna sukar gwamnati, ya yi wata huɗu da ɗoriya a tsare, aka kore shi zuwa Huangzhou a bakin kogin Yangtze a 1080. Can ya noma wani fili a kan gangare, ya sa wa kansa sunan wurin, Tung-p'o, wato Gangaren Gabas. A nan ya rubuta fu biyu na Jan Dutse, wani dutse a bakin kogin, a 1082, kuma da su ake auna kowace fassara. Idan littafin ya iso, fara da su.

A na farko, daren 16 ga watan bakwai ne, shi da baƙinsa suna cikin kwale-kwale, wata ya fito. Wani baƙo ya busa sarewa mai ban tausayi. Da aka tambaye shi dalili, sai ya tuna Cao Cao, wani babban jagoran yaƙi, wanda ya sauko kogin nan da jiragen yaƙi a shekara ta 208 aka ƙone masa su: jarumi irin wannan, yau ina yake, balle mu masunta da masu itace? Su Shi ya amsa masa da ruwa da wata. Ruwa yana wucewa amma kogi bai tafi ba, wata yana cika yana raguwa amma bai ƙaru ba bai ragu ba. In ka duba ta fuskar canji, sama da ƙasa ba sa tsayawa ko na ƙiftawar ido. In ka duba ta fuskar abin da ba ya canzawa, kai da halitta duka ba ku da ƙarshe. Iskar kogi da hasken wata kuma ba na kowa ba ne, kunne da ido su ɗiba ba mai hanawa. Wannan amsa ita ce wurin da masu fassara suke tuntuɓe, domin hujja ce mai hawa-hawa da aka zuba cikin jimloli masu amsa wa juna. Wanda ya bi ƙawa sai hujjar ta ɓace, wanda ya bi hujja sai rubutun ya bushe. Na biyun, wata uku bayan na farko, ya fi duhu: ruwa ya janye, duwatsu sun fito, ya hau dutsen shi kaɗai tsoro ya kama shi, wani babban tsuntsu mai dogon wuya ya gifta kan kwale-kwalen, da dare ya yi mafarkin wani malamin addinin Dao na Sin sanye da rigar gashin tsuntsu.

Abu biyu za ka duba a sharhin kowane bugu. Jan Dutsen Huangzhou ba shi ne filin yaƙin 208 ba. Masana sun fi karkata ga wani wuri can sama da kogin, kuma Su Shi a bakin baƙo ya sa maganar, da sigar tambaya. Sannan tsofaffin kundayen ayyukansa sun haɗa da fu na guguwar teku, wanda ake dangantawa ga ɗansa Su Guo. Kwafin fu na farko na Jan Dutse da Su Shi ya rubuta da hannunsa kuwa yana nan a gidan tarihin fada da ke Taipei, layukan farko da suka lalace Wen Zhengming ne ya cike su a zamanin Ming.

Kada ka ɗauka duka falsafa ce mai nauyi. Akwai na ɓera mai wayo: ɓera ya maƙale a cikin jaka yana ta ƙwaƙwula, aka buɗe aka gan shi kamar matacce, aka juye shi ƙasa, ya zura da gudu, marubucin ya zauna yana tuhumar hankalin ɗan Adam da ƙaramar dabba ta yaudara. Akwai na tsohon mai son abinci, akwai na giyar da ya haɗa da kansa.

Game da amfanin fassarar, ra'ayina shi ne sharhin ya fi nassin daraja a yau. Kowane layi na fu yana iya ɗauke da ishara ga wani tsohon littafi, kuma mai karatu ba zai gane ba sai an nuna masa. Clark ba malamin jami'a ba ne, ma'aikacin gwamnatin Sarawak ne a tsibirin Borneo, ya kai matsayin Babban Sakatare, sojojin Japan suka tsare shi lokacin yaƙin duniya na biyu suka kashe shi a 1945. Turancinsa na zamaninsa ne, kuma ba fassarar Turancin da za ta jiyar da kai ƙafiyar asali. Ka ajiye shi gefe da fassarar Burton Watson ta 1965, wadda ta ƙunshi fu biyun Jan Dutse cikin harshe mai sauƙi. Inda suka saɓa, nan ne nassin yake da wuya.

Rubutun sunaye ma zai iya ɓatar da kai. Littafin yana bin tsohon tsarin Wade da Giles na rubuta sunayen Sinanci da haruffan boko, intanet kuwa tsarin yau take bi. Tung-p'o shi ne Dongpo, Ch'ih-pi, wato Jan Dutse, shi ne Chibi, Ts'ao Ts'ao shi ne Cao Cao. Ka kula da Huang-chou da Hang-chou, garuruwa biyu ne kuma duka ya zauna a cikinsu: ɗaya wurin kora, ɗaya wurin da ya yi mulki.

Idan karatu kawai kake so, na 1964 ya ishe ka, kalma ɗaya ba ta bambanta ba.

Almajirin Littafi:

Na gode, Malam da Malama, Allah ya ƙara sani. Dillalin ya turo hotunan. Shafin suna ya nuna Kelly & Walsh, kuma lotsawar haruffa ta fito a hasken gefe. Akwai hatimin cirewa. Sai dai a hoton bangon baya na ga ƙananan huji kamar na allura guda biyar ko shida kusa da ɗinki. Wannan fa?

Mai Ɗaurin Littafi:

Malam, wannan aikin ƙwaro ne, tsutsar wani ƙaramin buzuzu da ke cin gam da kwalin bango. Tambayar ita ce ko tana nan da rai. Idan littafin ya iso kada ka haɗa shi da sauran littattafanka. Tsayar da shi a kan farar takarda, ka ɗan bubbuga gadon bayansa da yatsa. In gari mai laushi mai haske ya zubo, sabon ci ne. Share, ka sa shi cikin leda mai rufewa tare da farar takardar, ka duba bayan mako biyu. In gari ya sake fitowa, akwai mai rai.

Maganinsa sanyi. A naɗe littafin da takarda mai tsotse ruwa, a sa a leda biyu, a matse iskar ciki a rufe ruf, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifiri, ya yi aƙalla mako ɗaya. In an fitar, kada a buɗe ledar sai ya kwana ya wuni, don raɓar da za ta taru ta tsaya a jikin leda ba a kan takarda ba. Kada ka fesa masa maganin sauro ko kananzir, man ciki yana barin tabon da ba ya fita. Kada kuma ka shanya shi a rana, bango zai lanƙwashe, takarda ta ƙara gautsi.

Ɗigo-ɗigon ja ɗin ka ƙyale su. Burbushin ƙarfe ne a cikin takarda ko sawun hunhuna, danshi ne ke fito da su, kuma in wuri ya bushe ba sa ƙaruwa. Masu goge su da ruwan bilic suna farar da shafi yau, takardar ta ruɓe nan da 'yan shekaru.

Sakin bangon baya iri biyu ne. Buɗe bangon a hankali. In takardar da ta haɗa bango da littafi ce kawai ta tsage, ƙyallen da ke ƙarƙashinta yana nan, gyara ne mai sauƙi. In kuwa zaren ɗinki ya tsinke har wasu ganyaye suna leƙowa waje, wannan sai gwani, kada ka taɓa. Na farkon ana yin sa da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama. Awo ɗaya na sitaci, awo huɗu na ruwa mai tsabta, a jiƙa, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa kamar minti ashirin har ya yi sheƙi, a bari ya huce, a tace ta ƙyalle, a sirka da ruwa har ya yi kaurin madara. Sitaci zalla fa, ba fulawa ba, domin fulawa tana jan ƙwari. Takardar a yi mata faɗin santimita biyu, kuma kada a yanka da almakashi: a ja layi da jiƙaƙƙen buroshi a yage, don gashin bakinta ya kwanta ya bi shafi. A shafa kunun a jikin takardar siriri, ba a jikin littafi ba, a kwantar a tsagar, a sa takarda mai santsi da ba ta mannewa, a rufe, a ɗora nauyin kilo ɗaya ko biyu, a bari har gobe. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan kunu: ruwa ya ratsa, shafi ya yi ƙunji, ya bar zoben tabo. Salatif da gam mai kamawa nan take kuwa ko kusa. Salatif yana rawaya ya ratsa takarda cikin 'yan shekaru, kunu kuwa ana iya kwance shi da danshi duk ranar da aka so.

Wajen ajiya, abin da takarda ta ƙi shi ne hawa da sauka. Danshin iska tsakanin kashi 35 zuwa 55 cikin ɗari shi ne daidai. In ya daɗe sama da 65 hunhuna za ta tashi, wanda shi ne haɗarin watan Agusta, a hunturu kuma bushewa ke fasa gam ta ɗaga bango. Yi masa akwatin kwali marar asid daidai jikinsa, ka sa a kabad na ƙarfe a ɗakin tsakiya, nesa da bangon da rana ke duka, sama da ƙasa da aƙalla santimita 15 saboda gara, kuma kada kabad ɗin ya jingina da bango. 'Yar na'urar auna danshi ba ta da tsada, ka ajiye ɗaya a ciki. Kada ya zauna a leda a rufe da damina. Lokacin karatu kada ka shimfiɗe shi warwas. Tallafe bangayen biyu da matashi, buɗewar ta tsaya kusan rabi da ɗan ƙari, da hannu wankakke busasshe.

Mai Fihirisa:

Allah ya saka wa Malam Mai Ɗauri. Gyara ɗaya zan ƙara a kan maganar firiza. Sharaɗinta sanyin ya ɗore ba yankewa. Inda wuta ke ɗaukewa tana dawowa, firiza kan narke ta sake daskarewa, ƙwaron ya sami sararin jurewa, littafin kuma ya sha danshi a banza. In ba ka da firiza mai tsayayyiyar wuta, hanya mafi aminci ita ce ka nemi dillalin ya yi wannan aikin can kafin ya aiko, ko ya kai wa mai gyaran littattafai, a rubuta a takardar ciniki. Ka kuma nemi ya rubuta cewa shafuka sun cika, da sharaɗin mayarwa in ba haka ba. Wajen naɗi, a sa kwali mai kauri gaba da baya, a ɗaure littafin da ƙyalle ba da roba ba, don bangon da ya saki kada ya ƙarasa rabuwa a hanya.